Jini Leda Biyu

Masu karatu, kafin ku fara wanke ni a ƙasan rubutun nan kamar yadda kuka saba, ku bari in sake gabatar da kaina saboda baƙi. Shekarata arba'in da takwas, ban taɓa aure ba, gashin kaina kuma ya riga ni yin ritaya. Aikina gwajin jini a wani asibiti. A coci ana ce min Likita. Na gaji da bayanin cewa ni ba likita ba ne, na bar su. A gida kuwa Yayata, wadda ta raine ni bayan rasuwar iyayenmu, Auta take ce min har gobe, a gaban kowa, ko da ina sanye da kwat.

Wadda nake so tela ce. Ita ke ɗinka wa mawaƙan cocinmu riguna, ni kuma ina layin baya cikin masu babbar murya, inda ake ajiye waɗanda ba a son a ji su sosai. Shekara biyu ke nan ina kai mata wandunan da babu abin da ya same su. Na taɓa tsayawa a bayan shagonta na yanke maɓallin rigata da kaina. Ta karɓa, ta duba zaren, ta ce, "Likita, wannan maɓallin da almakashi ya faɗo?" Ta ɗinka, ta miƙo min. Ta san abin da ke kawo ni. Unguwa duka ta sani. Ni kaɗai ne ban faɗa ba.

Dalili kuwa, tana da sikila. Shekararta talatin da shida tana fama. Ranar da na fara yi wa Yaya maganarta, na ɗauki biro na zana mata a bayan ambulan cewa jinina AA ne, don haka 'ya'yanmu ba za su yi ciwon ba. Yaya ta ture ambulan ɗin.

"Ni ba 'ya'yan nake ji ba, uwar nake ji. Ka wuni a asibiti, ka dawo gida ka tarar da wani asibitin? Ban raine ka don ka zama gwauro sau biyu ba, Auta."

Ni kuma, namijin duniya, na ce, "To, Yaya." In kuna neman tarihin rayuwata a taƙaice, kalmomi biyun nan ne.

Mako bakwai da suka wuce ciwon ya tashi mata, aka kawo ta asibitinmu. Jininta ya yi ƙasa ƙwarai, aka ce leda biyu ake nema maza-maza. Na buɗe firijin ajiya, leda ɗaya ce kawai ta dace da nata. Na san jinina ya dace da nata, don na daɗe da dubawa. Kada ku tambaye ni dalili. Na naɗe hannun riga, na kwanta a kan benci, na ce wa abokiyar aikina ta ɗiba kuma ta yi shiru. Ta ɗiba, tana min kallon da ake yi wa tsohon da ya sayi takalmin ƙwallo. Tela ta farfaɗo, aka sallame ta, ba ta san komai ba.

To, ranar Larabar nan da safe, ina tsaye a ɗakin gwaji ina jera kwalabe, wayata ta yi ƙara sau uku a jere. Ba mai turo min saƙo uku a jere sai kamfanin waya. Na cire safar hannu na duba. Tela ce.

"Likita!!! Ka zauna tukuna kafin ka buɗe hoton nan."

Hoton takardar sakamako ce daga wani ƙaramin ɗakin gwaji na kusa da kasuwa. An rubuta AS da jan biro, an zagaye.

"Mun gama azumi da addu'a na kwana uku ni da Mama, muka je aka gwada. Allah ya canja min jini! Mama tun ɗazu take rawa. Ranar Lahadi zan ba da shaida."

Na zauna a kan kujerarmu mai juyawa, wadda ƙafarta ɗaya ta gaji da duniya.

Bari in yi muku ɗan karatu, ba zan daɗe ba. In muna son sanin nau'in jinin mutum, muna ɗiga shi a kan wata siririyar takarda, mu sa a na'ura, lantarki ya ja shi. Kowane nau'i da inda yake tsayawa ya yi layi. Mai sikila layi ɗaya gare shi, a wurin S. Mai AS, wanda ke ɗauke da abin amma ba ya ciwo, layi biyu gare shi, A da S. Na'urar ba ta ƙarya, amma kuma ba ta tambaya. Abin da ke cikin kwalba take faɗa, ba ruwanta da inda aka samo shi. Shi ya sa abu na farko da ake koya wa mai aikinmu shi ne ya tambayi mutum: an ƙara maka jini cikin wata huɗun nan? Don jinin aro yakan yi kwana ɗari da ashirin yana yawo a jiki kafin ya ƙare. Wanda ya gwada ta bai tambaya ba. Ita ma ba ta ga dalilin faɗa ba.

Layin A ɗin da Mamanta ke yi wa rawa, rabinsa na wani baƙo ne da ban sani ba, rabinsa nawa. Da shayi da burodi na haɗa shi.

Na rubuta, "Akwai abin da ya kamata ki sani." Na goge. Na rubuta, "Ki kira ni." Na goge. Daga ƙarshe abin da na tura shi ne, "Mun gode wa Allah." Sai can na ƙara, "Maganinki fa?"

"Kai dai Likita! Wanda ya warke me zai yi da magani? Na tattara duka na ba Mama ta zubar. Tun ina yarinya nake haɗiya, ya isa." Ta bi shi da fuskokin dariya guda biyar.

Kada ku ɗauka ni irin mutanen nan ne da suka leƙa madubin gwaji sau biyu suka dawo suna gyara wa Allah aiki. Shekara ashirin da uku ina kallon jini, kuma babu wa'azin da ya taɓa sa ni shiru kamar ɗigo guda a ƙarƙashin madubi: ƙwayoyi dubbai, kowace da ɗan lotsawarta a tsakiya, kowace ta san inda za ta. Nakan yi addu'a kafin in fara aiki, nakan yi in na ga sakamako mai nauyi kafin in sa hannu. Na yarda Ubangiji zai iya canja jinin mutum in ya ga dama; shi ya rubuta shi tun farko. Matsalata ɗaya ce. Wannan karon na san inda abin ya fito, don har yanzu akwai ɗan tabon allura a gwiwar hannuna.

Ranar Alhamis da yamma, na dawo daga aiki ke nan, na ji ana buga ƙofa da ƙafa.

"Auta, buɗe, hannuna da kaya!"

Ɗakina ciki da falo ne. A falon akwai kujera ɗaya mai hannu, tebur, rediyo, da kofi biyu, ɗayan na zuba burushin haƙori a ciki don kada ya ji an manta da shi. A taga zanin gado na rataya tun shekarar da na tare, da niyyar na ɗan lokaci ne. Yaya ta shigo cikin atamfarta kore ta zuwa taron zumuntar mata, ɗankwali ya tashi sama kamar zai yi magana. Ta zube ƙunshi a kan tebur, ta mamaye kujerar, ni na tsaya.

"Labule ne. Mace ba za ta shigo ɗakin da aka rataye zanin gado a taga ba."

"Wace mace, Yaya?"

"Ji shi! Wace mace. Ai an ba mu labari a zumunta, har kuka na yi. Ni da ma ban ƙi yarinyar ba, ciwon na ƙi. Tunda Ubangiji ya cire da hannunsa, ni wace ce? Na riga na aika wa uwarta. Asabar ta sama za mu je mu nema maka."

"Da dai an ɗan jira…"

"A jira me? Haƙoranka su zube?"

Ta tashi ta ciro zanin gadon da kanta, ƙura ta tashi, ta yi tari, ta zage ni, ta hau kan teburina ta rataya labule mai furanni ruwan hoda. Shekara biyu ina jiran maganar nan daga bakinta. Da ta tafi na zauna a kujerar, da sauran ɗuminta, ina kallon furannin.

A nan zan faɗi abin da na zo faɗa, ku yi min duk hukuncin da za ku yi. Na ɗauki kalanda na ƙirga. Kwana hamsin sun wuce, saura saba'in jinin aron ya ƙare. Kwana saba'in sun isa a je a nema, a yi sanarwa a coci, a ɗaura. In ciwon ya dawo daga baya, wa zai ce ni ne? Za a ce gwaji ne daga Allah. Ba sai na yi ƙarya ba ma. Shiru kawai zan yi, kuma shiru shi ne sana'ata ta biyu.

Sai dai na tuna yadda na gan ta a gadon asibiti, ta cusa gefen zani a baki tana cizo don kada ta yi ihu ta tayar da na kusa da ita. Magungunan da aka zubar su ne ke tsakaninta da gadon nan.

Ranar Juma'a na tashi aiki da wuri na je ofishin Baba Fasto. Dattijo ne mai sanyin magana, gilashinsa ɗaure da zare. Dokar aikinmu ta hana ni faɗin sirrin mara lafiya, don haka na yi ta zagaye.

"Baba, a ce mutum ya ga alama, ya ɗauka mu'ujiza ce. Wani kuma ya san yadda aka yi alamar ta fito…"

"Kai matsalarka, Likita, kana son Allah ya cika fom kafin ya yi aiki."

"Ba haka ba ne, Baba. Ni dai cewa nake a jira a sake gwadawa."

Ya buɗe aljihun tebur ya ciro wata 'yar kwalba, ya girgiza ta a gabana.

"Ka san wannan? Na hawan jini ne. Kowace safiya in yi addu'a, in haɗiye. Ban taɓa jin sun yi faɗa a cikina ba." Ya mayar. "Ban hana ka saninka ba, Allah ne ya ba ka. Amma in abin da nake zato ne ya kawo ka, ka yi kuskuren ƙofa. Ni ba ni ne zan tsaya gaban jama'a jibi ba. Kuma ba jikina ba ne."

"Za ta tsane ni, Baba."

"Wataƙila." Ya gyara gilashi. "Kai ka fi so ta so ka a kwance ko ta tsane ka a tsaye?"

Na yi masa sallama na fito.

Asabar da rana na je shagon. Ɗan ɗaki ne mai ƙofar ƙarfe, keken ɗinki a bakin taga, ƙyallaye a ƙasa kamar an yi ruwan launi, dogon madubi mai tsaga a kusurwa. Tana zaune da tef a wuya, fil biyu a baki, tana haɗa wata farar riga mai ratsin shuɗi a wuya da hannu. Fuskarta ta cika, idonta ya yi fari. Ban taɓa ganinta da kyau haka ba, kuma na san dalili har zuwa adadin kwanakinsa.

Ta cire fil ɗin. "Yau wane maɓalli ne ya yi hatsari?"

"Ba maɓalli."

"Wando?"

"Magana ce."

"Kai? Magana?" Ta ɗaga rigar. "Duba ta gobe tukuna. Ban taɓa ɗinka wa kaina fara ba, kullum ina tsoron a ce na yi kama da mai jinya."

Na ɗauki allinta na zana layi biyu a kan teburin yanka. Na yi mata bayanin da na yi muku, amma da in'ina. Ƙafarta ta sauka daga kan keken.

"Wato kana cewa Allah bai yi ba."

"Ban ce ba zai iya ba. Na ce takardar nan ba ta isa ta faɗa ba. Sai jinin da aka ƙara miki ya ƙare a sake gwadawa."

"In an sake fa?"

"Abin da na sani, SS zai nuna."

"Ka tabbata?"

"Da ban tabbata ba, da wando na kawo."

Ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon layukan allin.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun da na ga hoton."

"Laraba. Ka ce min mun gode wa Allah."

"Na ce."

"Kwana huɗu ban sha magani ba, kana sane."

"E," na ce.

Ta sa hannu ta goge layukan, allin ya ɓata mata tafi. "Jinin wa aka sa min?"

"Ba a faɗa. Dokar aiki ce."

Ta dube ni. Ni kuma, wawan Allah, sai hannuna na dama ya tafi da kansa ya rufe gwiwar na hagu.

"Naka ne."

"Leda ɗaya kawai. Ɗayar ban san mai ita ba."

Sai ta yi wata dariya da ba ta yi kama da dariya ba, hawaye na zuba a kan farar rigar, tana janye ta gefe don kada ta ɓaci. "Ikon Allah. Jini kana iya bayarwa. Magana ce ba ka iyawa." Ta share fuska da wani ƙyalle. "To ga tambaya, Likita. Yayarka ta aiko wa Mama cewa Asabar ta sama kuna zuwa. Da sikilata, kuna zuwa?"

Masu karatu, amsar kalma ɗaya ce. Tana bakina. Na ji nauyinta a kan harshena. Abin da ya fito shi ne, "Zan yi wa Yaya magana."

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar tela da ta auna mutum ta ga daidai da zatonta. Ta miƙo min biro da bayan wata takardar awo.

"Rubuta min sunayen magungunan, in je in saya. In za ka fita ka ja min ƙofar, iska na kwashe min ƙyalle."

Kafin in kai bakin titi na ji keken ya ci gaba.

Ranar Lahadi coci ya cika har waje, labari ya zagaya. Mamanta na layin gaba da sabon mayafi. Yaya na bayanta, ta riga ta fara zaman surukai. Ni ina can baya cikin rigar mawaƙa, wadda tela ta ɗinka min, ina riƙe da littafin waƙoƙi a juye. Da aka zo lokacin shaida, tela ta tashi cikin farar rigar, ta karɓi makirufo.

"Ku yabi Ubangiji."

"Halleluya!" Har rufin kwano ya amsa. Mai ganga ya ɗaga sanda yana jira.

"An gaya muku Allah ya canja min jini. Ni ma haka na ɗauka. Bai canja ba. Sikilata na nan, da safen nan na sha maganina. Abin da takarda ta gani, jinin da aka ƙara min ne a asibiti."

Sandar mai ganga ta tsaya a sama. Mamanta ta sunkuyar da kai.

"Amma ranar da aka kwantar da ni, an ce da jinin ya yi jinkiri kaɗan, da yau ba ni a nan. Na roƙi Allah ya raya ni, ya kuwa raya ni. Mutum biyu ya aiko, kowa da leda ɗaya. Ban san su ba. Wannan ce shaidata. Ni a wurina ta isa."

Baba Fasto ne ya fara cewa amin, shi kaɗai, da ƙarfi. Sai nan da can aka bi shi. Ta ajiye makirufo ta koma wurinta. Ko sau ɗaya ba ta kalli layin baya ba.

Ban san su ba. Ta rufa min asiri, ta kuma mayar da ni baƙo, duk a numfashi ɗaya. Aka ta da waƙa, na buɗe baki, babu abin da ya fito. Ba wanda ya lura, amfanin layin baya ke nan.

Bayan an tashi Yaya ta tare ni a gindin bishiyar da ake ajiye babura, tana fifita da takardar sanarwa.

"Allah ya rufa mana asiri, Auta. Da yanzu mun kai kanmu. Yarinyar dai tana da gaskiya, ba zan ci amanarta ba, amma…"

"Yaya, Asabar za mu je."

"Ina?"

"Gidansu."

"Kunnenka ƙalau? Ba ka ji abin da ta ce ba?"

"Na riga kowa ji. Ɗaya daga cikin ledojin nan tawa ce."

Fifitar ta tsaya. Ta dube ni tun daga takalmi har inda gashi ya kamata ya kasance. Tun ina ɗan shekara tara rabon da in ga wannan kallon, ranar da na fasa mata fitila. Amma wannan karon ban ce "to" ba.

"Ka nemi wata yayar ta raka ka," in ji ta. Ta gyara jakarta ta wuce, ba ta waiwayo ba.

Na taka har gida a ƙafa cikin rana, na manta na zo da babur. Na zauna, ko takalmi ban cire ba, na ɗauki waya.

"Asabar ina zuwa. Ni kaɗai ne, Yaya ta ce ba ta zuwa. Na gaya mata da bakina."

Saƙon ya shiga. Ta karanta. Wayar ta nuna tana rubutu, ta tsaya. Ta sake farawa, ta sake tsayawa. Na ajiye wayar a kan tebur don kada ta ga ina jira, kamar tana iya gani. Sai da rana ta karkata amsar ta zo.

"Ka zo. Amma ba Mama za ka fara tambaya ba, ni za ka tambaya, da bakinka, ba da biro ba. Kuma ban ce maka na san amsar da zan ba ka ba."